Yadda Ake Renon Jagoran Makaɗa: Sharhi a Kan Rayuwar Ayo Bankole

Galibin mutanenmu, idan suka ga wani ya gwanance a kiɗa ko waƙa har sunansa ya kai inda ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba, abin da suke faɗi bai wuce ɗayan biyu ba: ko su ce baiwa ce Allah Ya yi masa, ko kuwa su ce gadon gidansu ne. Da yake kowace daga cikin maganganun nan tana da rabonta na gaskiya, sai aka wayi gari an rufe ƙofar tambaya, ba mai ƙara bin diddigin shekarun da gwanin ya shafe yana almajiranci, da malaman da ya durƙusa gabansu, da irin horon da aka yi wa kunnensa da yatsunsa kafin a yarje masa ya tsaya gaban jama'a. Wannan ƙofa nake nufin buɗewa, musamman game da mutumin da ya haɗa abu biyu, wato ya iya kaɗa fiyano da hannunsa, ya kuma iya riƙe ragamar ƙungiyar mawaƙa da makaɗa har su zama baki ɗaya. Dalilina kuwa shi ne, a nan Jalingo, tun daga ƙofar fadar Mai Martaba Sarkin Muri har zuwa majami'un Mayo Gwoi da Magami da Nukkai, akwai ɗimbin samari da 'yan mata da ke cikin wannan harka dare da rana, amma kaɗan ne daga cikinsu aka taɓa zaunarwa aka shaida musu cewa abin da suke yi fanni ne mai ƙa'idoji da matakai da malamai.

Ya wajaba in faɗi tun da wuri cewa ban jahilci saɓanin da malamanmu suka yi a kan hukuncin kiɗa ba, tun daga magabata har zuwa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo da almajiransa, waɗanda suka tsananta a kan wasu nau'o'insa suka sassauta a kan wasu; ba kuwa fatawa na zauna bayarwa ba, don wannan aikin ma'abotansa ne. Abin da kawai nake tunatarwa shi ne, magabatan nan ba su ɗauki sauti abin da ba shi da ilimi ba. Imamu Gazali ya keɓe babi sukutum a cikin Ihya'u a kan ladubban sauraro. Farabi, wanda ya rasu wajen shekara ta 950, ya wallafa babban littafinsa na musiƙa, inda ya auna tazarar da ke tsakanin sauti da sauti da lissafi. Ziryabu ya baro Bagadaza ya sauka Ƙurɗuba a ƙarni na 9, ya shahara da koyar da waƙa daki-daki. Halilu ɗan Ahmad kuwa, wanda ya tsara ilimin arulin da marubutan waƙoƙinmu na Hausa suke awo da shi har gobe, ba wani abu ya yi ba face ya sanya wa magana ma'aunin lokaci. Saboda haka wanda ya ce kiɗa ilimi ne bai zo da sabuwar magana ba. Hukuncin abu dabam, sanin haƙiƙarsa dabam.

Shi fiyano, wanda a yau yaranmu suka fi sanin ƙanensa na lantarki da ake kira kibod, wani Ba'italiye ne mai suna Bartolomeo Cristofori ya ƙago shi a birnin Fulorans wajen shekara ta 1700. Cikakkensa yana da maɓallai 88, farare 52 da baƙaƙe 36, kuma duk maɓallin da aka danna yakan tayar da wata 'yar guduma mai lulluɓin ulu ta bugi tsirkiyar ƙarfe. Tsirkiyoyin nan sun haura 200, an ɗaure su tamau a jikin ƙarfen zubi, har ƙarfin jan da suke yi gaba ɗaya yakan kusanci tan 20. Fifikonsa a kan kayan kiɗan da suka gabace shi shi ne yana amsa nauyin yatsa, in ka taɓa a hankali ya yi ƙasa-ƙasa, in ka danna da ƙarfi ya cika ɗaki. Amma fa'idarsa mafi girma ga mas'alarmu ita ce, mai busa algaita ko kakaki sauti ɗaya yake fitarwa a lokaci ɗaya, alhali mai fiyano yana da yatsu goma, kowanne na iya riƙe murya dabam, ta yadda mutum guda a zaune zai iya jiyar da kai abin da ƙungiya duka za ta rera, daga siririyar muryar mata har zuwa kakkaurar ta maza.

Daga nan ne dangantakarsa da jagoranci ta samo asali. A kiɗan Turawa, inda akan tara makaɗa 80 ko 100 a dandali ɗaya, masu goge manya da ƙanana da masu busa da masu ganga, wani lokaci ga mawaƙa jere a bayansu, kowa da takardarsa wadda ba ta nuna masa komai sai rabonsa, tilas ne a sami mutum guda da ke riƙe da littafin da ya tattara rabon kowa, layi bisa layi, ya san inda kowa zai shiga da inda zai yi shiru. A zamanin da, da doguwar sanda ake buga ƙasa don tsayar da awo, har Lully, makaɗin fadar Sarkin Faransa, ya soki ƙafarsa da irin wannan sanda, raunin ya ruɓe ya zama ajalinsa a 1687. Sai a ƙarni na 19 aka koma ga siririn tsinken da ake kaɗawa a iska ba ƙara. Hannun dama ke auna lokaci, na hagu kuma yana kiran wanda zai shiga, yana ɗaga murya ko ya kwantar da ita, ido da numfashi ma kowanne da aikinsa. To amma abin da jama'a ke gani ranar taro ɗan kaɗan ne, domin ainihin aikin a wurin bita yake, inda jagora zai tsayar da mutum 60 saboda ya ji ɗaya daga cikinsu ya zame da rabin sauti, ya kuma nuna shi da yatsa ba tare da ya yi kuskure ba. Wanda ya taɓa zama kusa da alaramma a tsangaya da asuba, almajirai kewaye da wuta kowa da allonsa kowa da surarsa, amma malam ya tsinkayi wanda ya karya wasali can ƙarshen da'ira, ya gyara masa bai ko dubi allon ba, to ya riga ya fahimci irin kunnen da ake nufi. Irin wannan kunne ba a haifar mutum da shi cikakke, yawan tilawa da gyaran malami ne ke wasa shi.

Shi ya sa a gidajen wasan waƙa na Jamus da Ostiriya aka daɗe da al'adar cewa matashin da ke son jagoranci zai fara ne da zama gaban fiyano shekara da shekaru, yana biya wa mawaƙa rabonsu ɗaya bayan ɗaya, yana maye gurbin dukan makaɗa da yatsunsa, kafin a danƙa masa tsinke. Daniel Barenboim, wanda aka haifa a Ajantina a 1942, ya fito gaban jama'a da fiyano yana ɗan shekara 7, kuma daga kan wannan kujera ya miƙe ya zama ɗaya daga cikin manyan jagororin duniya; Leonard Bernstein na Amurka ma ta wannan ƙofa ya shiga. Amma ba sai mun je nesa ba, muna da namu misalin, wanda aka yanke wa cibiya a nan Arewa.

An haifi Ayo Bankole a Jos ranar 17 ga Mayu, 1935, a zamanin da haƙar kuza ta tara ƙabilun Nijeriya a kan dutsen nan. Mahaifinsa, Theophilus Abiodun Bankole, shi ne mai kaɗa ogan kuma shugaban mawaƙa a majami'ar Angilika ta Luka Mai Tsarki da ke Jos, mahaifiyarsa kuma ta koyar da kiɗa a makarantar 'yan mata ta Queen's da ke Ede. Shi ogan ɗan'uwan fiyano ne ta fuskar maɓallai, sai dai iska ce ke busa bututunsa, kuma har ƙafafu suna da nasu maɓallan da suke takawa, don haka mai kaɗa shi gaɓoɓinsa huɗu ke aiki a lokaci guda. Ke nan masu cewa gado ne ba su yi ƙarya ba, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Abin lura shi ne iyayen ba su tsaya a kan gadon ba. Tun yana yaro aka kai shi Legas, ya shiga makarantar Baptist Academy, ya kuma shiga sahun mawaƙan babbar majami'ar Kiristi da ke bakin Marina, a ƙarƙashin Thomas King Ekundayo Phillips.

Wannan Phillips ya cancanci a ɗan tsaya a kansa, domin shi ne shehin wannan silsila. Ya yi karatu a Kwalejin Kiɗa ta Trinity da ke Landan daga 1911 zuwa 1914, ya komo ya riƙe ogan da mawaƙan majami'ar nan daga 1914 har 1962, wato shekara 48 a kujera ɗaya, yana horar da yara maza tun kafin muryarsu ta fashe. A hannunsa Fela Sowande ya tashi, wanda aka haifa a Abeokuta a 1905, ya tafi Landan a 1934, ya ci abinci da kiɗan jaz a fiyano yana kuma neman ilimin ogan, har a 1943 ya sami babbar shahadar Kwalejin Masu Kaɗa Ogan ta Ingila, sa'an nan ya komo gida a 1953 ya shugabanci sashen kiɗa na gidan rediyon Nijeriya. Da Bankole ya gama sakandare sai ya kama aikin akawu a wannan gidan rediyo a 1954, Allah Ya haɗa shi da Sowande, wanda ya ga abin da ke tattare da saurayin ya ja shi jiki ya ƙara masa karatu. Duk wanda ya saba da yadda malamanmu suke ambaton isnadinsu, wane ya ɗauka daga wane, zai ga cewa a nan ma sarƙar ba ta yanke ba: Phillips ya rene Sowande, su biyun kuma suka rene Bankole.

A 1957 Gwamnatin Tarayya ta ba shi tallafin karatu zuwa makarantar Guildhall da ke Landan, inda ya zurfafa a fiyano da ogan da ilimin tsara kiɗa, ya kuma fara rubuta nasa. Daga nan ya ci gasar zama mai kaɗa ogan na Kwalejin Clare a Jami'ar Kambirij, ya zauna daga 1961 zuwa 1964. Wannan matsayi kuwa yana ɗauke da nauyin kaɗa ogan a ɗakin ibadar kwaleji da horar da mawaƙanta, ga kuma karatun digiri, wato makarantar jagoranci ce a aikace. A ƙarshen zamansa ya sami shahadar nan da Sowande ya samu, ya zama ɗan Nijeriya na biyu da ya kai wannan daraja. Yana da kyau mai karatu ya san abin da jarrabawarta ta ƙunsa, don ya auna nauyinta: ba kaɗa abin da ka riga ka koya kawai ba ne, za a ajiye maka takardar da ba ka taɓa gani ba a ce kaɗa nan take, a ce ɗaga ta ko sauke ta zuwa wani ma'aunin sauti ba tare da an sake rubuta maka ba, a ba ka muryoyi da yawa kowace a layinta a ce haɗa su da hannu biyu, a ba ka ɗan guntun amo a ce ƙirƙiri kiɗa a kansa, sa'an nan ka zauna ka amsa tambayoyin ƙa'idojin jituwar sauti a rubuce. Kowanne daga cikin waɗannan abu ne da jagora ke bukata kullum a wurin bita.

Bai tsaya nan ba. Da tallafin Gidauniyar Rockefeller ya wuce Jami'ar Kalifoniya da ke Los Anjalas don nazarin kiɗan al'ummomin duniya, a cibiyar da Mantle Hood ya kafa, malamin da ya dage a kan cewa ba a sanin kiɗan wata al'umma ta hanyar karatu kaɗai sai an koyi kaɗa shi da hannu, kuma masani na gaskiya shi ne mai jin harsunan kiɗa biyu. Akin Euba, wani ɗan Nijeriya mai tsara kiɗa, shi ma a wannan jami'a ya yi karatu a waɗannan shekaru, shi ne kuma daga baya ya yi ta fafutukar a mayar da fiyano abin da zai yi magana irin ta gangunan Afirka. Bankole ya komo Nijeriya a 1966 yana da shekara 31. Ina roƙon mai karatu ya riƙe wannan adadi, domin mutumin da aka haifa a gidan kiɗa, wanda kowa ya shaida baiwarsa tun yana yaro, bai sauka daga matsayin almajiri ba sai da ya haura talatin.

Shekaru goma da suka biyo baya su ne, a ganina, mafi girman darasi a rayuwarsa. Ya zama babban mai shirya shirye-shiryen kiɗa a gidan rediyo, daga 1969 kuma ya koma koyarwa a Jami'ar Legas. Mutum mai shahadar Kambirij yana iya rufe kansa a ɗaki yana rubuta abin da ba mai iya kaɗawa sai Turawa, amma shi sai ya sauko ya tara 'yan makarantun sakandare na Legas ya kafa musu ƙungiyar mawaƙa, ya kafa wata ta ɗaliban jami'a, ya riƙe ta wata majami'a da ke Idi-Araba, yana koya musu da kansa, yana rubuta musu waƙoƙi da Yarabanci, yana kaɗa musu fiyano ko ogan, yana kuma tsayawa gabansu ranar taro. Babban aikinsa na ƙarshe shi ne doguwar waƙar da ya tsara a 1974 don bikin al'adun baƙar fata na duniya, FESTAC, inda ya haɗa mawaƙa da kayan kiɗan Turawa da na gargajiya a dandali ɗaya. Bai ga bikin ba. An kashe shi tare da matarsa a Legas ranar 6 ga Nuwamba, 1976, yana da shekara 41, aka buɗe bikin ranar 15 ga Janairu, 1977.

Akwai wata mas'ala ta ilimi da wannan silsila ta Legas ta yi fama da ita, wadda ta shafe mu kai tsaye. Yarabanci da Hausa duka harsuna ne masu karin sauti, wato hawa da saukar murya a kan gaɓa yana cikin ma'anar kalma, Hausa kuma ta ƙara da bambancin doguwar gaɓa da gajera. Lokacin da 'yan mishan suka fassara waƙoƙin yabo na Turawa, sai suka bar amon yadda yake suka ɗora masa kalmominmu, ya zamana amo yana hawa inda kalma ke sauka, yana jan gaɓar da ya kamata a taƙaita, har mai sauraro ya ji sautin harshensa amma ma'ana ta gurgunce. Phillips ya yi nazarin wannan a littafinsa na kiɗan Yarabawa da ya fito a 1953, Bankole kuma ya mayar da shi aiki, yana barin kalma ta ja amo maimakon amo ya ja kalma, sa'an nan ya nemo wa sauran muryoyi hanyar da za su bi ba tare da sun ɓata wannan ba. Duk wanda ke Jalingo yana iya gwada wannan da kunnensa ranar Lahadi: ya saurari waƙar da aka ɗauko daga Littafin Waƙoƙi, sa'an nan ya saurari wadda zumuntar mata suka tsara da kansu suna buga tulu da ganga, zai ji ta biyun ta zauna daram a baki, don masu ita da Hausa suka yi tunaninta. Matan nan sun warware da ɗabi'a abin da malaman Legas suka warware da nazari. Abin da ya rage shi ne a sami wanda ya mallaki duka biyun.

Kada kuma a zaci cewa jagorancin ƙungiyar kiɗa baƙon abu ne ga Bahaushe. Makaɗin fada irin su Ibrahim Narambaɗa na Isa da Salihu Jankiɗi da Musa Ɗanƙwairo jagora ne cikakke, bal ma ya fi na Turawa yawan kaya a ka, domin shi ne mai tsara waƙa, shi ne mai rera ta, shi ne mai kaɗa kotso ko taushi, shi ne kuma mai sarrafa 'yan amshi, ya san lokacin da zai sakar musu ɗan waƙa su ƙarasa da lokacin da za a koma gindi, duk da ɗan juyin kai ko canjin bugu, yana kuma karanta fuskar sarki da ta fadawa. Horonsa ma dogo ne. Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, ya yi shekaru yana amshi a ƙarƙashin mahaifinsa, sa'an nan a ƙarƙashin yayansa Kurna, kafin ya ja tasa ƙungiya. Mamman Shata bai gaji kiɗa ba, amma dandali da kasuwa da makaɗan kalangunsa sun yi masa makaranta, har Jami'ar Ahmadu Bello ta karrama shi da digirin girmamawa. Wannan tarbiyya tamu ta fi ta Turawa ƙarfin hadda da saurin ƙirƙira a take; rauninta shi ne ba ta da alƙalami, in gwani ya kwanta dama sai abin da faifai ya kama da abin da yaransa suka riƙe. Manazarta irin su Farfesa Sa'idu Muhammad Gusau sun yi babbar hidima wajen taskace matanin waƙoƙin da tarihin masu su, amma bugun kotso da zubin amshi har yanzu galibi a ƙwaƙwalwar mutane suke. Ita kuwa tarbiyyar takarda tana iya fitar da mutumin da in aka ɗauke takardar gabansa sai ya tsaya cik. Daga cikin 'yan Arewa, marigayi Bala Miller, ɗan gidan Zariya mai busa ƙaho, wanda ya rasu a 2003, ya yi ƙoƙarin haɗa hanyoyin biyu, ya tara matasa ya horar da su a babbar ƙungiyarsa, suna rera Hausa da kayan busa na zamani.

To, mu komo gida. Waƙar ƙungiya mai muryoyi huɗu ba jiya ta shigo ƙasar nan ba: 'yan mishan ɗin da Karl Kumm ya jagoranta sun iso Arewa a 1904, suka mai da Ibi a bakin Binuwai mazauninsu, 'yar mishan Johanna Veenstra kuma ta yi aiki a Lupwe kusa da Takum har rasuwarta a 1933. Fiye da ƙarni guda ke nan. Shiga kowace babbar majami'a a Jalingo da yammacin ranar bita, za ka tarar da kwayamasta tsaye gaban baƙin allo da alli a hannu, ya jera haruffan do, re, mi da ɗigogi da 'yan sanduna na awo, mata masu siririyar murya a gefe guda, maza a bayansu, yana biya wa kowane rukuni rabonsa da bakinsa har su haddace. A kusurwa kuma ga wani yaro gaban kibod, janareta na ruri a waje, ya kama waƙar da kunne tun kafin a gama rubuta ta. Amma duba hannunsa da kyau: sau da yawa a ma'aunin sauti ɗaya tak ya iya kaɗawa, in mawaƙa suka ɗaga murya sai ya miƙa yatsa ya danna maɓallin da ke sa na'ura ta ɗaga masa. Wannan shi ne ainihin abin da aka jarraba Bankole a kansa, aka ce ya yi da kansa. Ba laifin yaron ba ne, kunnensa lafiya lau, malami ne bai samu ba.

Ba kuwa majami'a kaɗai abin ya shafa ba. Tun daga shekarun 1990, da ɗakunan ɗaukar sauti na Kano irin su Iyan-Tama suka rungumi kibod ɗin Yamaha, kiɗan fiyano ya zama shi ne kiɗan finafinan Hausa da na bukukuwa da na siyasa, har da wasu masu bege, kuma samarinmu Musulmi da ke zaune a situdiyo a Sabon Gari suna fama da irin wannan ƙarancin: na'ura ce ke riƙe awo, ita ke zaɓar jituwar sauti, shi ya sa waƙoƙi da yawa suke fitowa kamar uwa ɗaya ta haife su. Fiyanon katako na asali ma yana da wuyar riƙo a ƙasarmu, don hunturu na busar da itacensa, damina na kumbura shi, yana bukatar mai gyaran sautinsa a kai a kai. Amma wannan ba hujja ba ce, domin kibod mai cikakkun maɓallai ya isa a koyi dukan ƙa'idojin da shi.

Matakan koyo sanannu ne, ba asiri a cikinsu. Hukumar jarrabawar makarantun kiɗa ta Ingila, wadda aka kafa a 1889, ta kasa karatun fiyano zuwa mataki 8, kowanne da kiɗan da za a koya a kaɗa, da karatun takarda nan take, da gwajin kunne. Jami'ar Nijeriya da ke Nsukka ta buɗe sashen kiɗa tun 1961. Ƙungiyar MUSON, wadda aka kafa a Legas a 1983, tana da makaranta a Onikan mai shirya jarrabawar matakai da difiloma ta shekara 2, kiɗa kuma yana cikin darussan da hukumar WAEC ke jarrabawa. Sai dai duk waɗannan sun yi wa ɗan Zing ko Karim Lamido ko Gembu nisa, kuma iyaye kaɗan ne za su iya ɗaukar nauyin yaro a Legas saboda kiɗa. Tun da aka ƙirƙiri Jihar Taraba a 1991 muke alfahari da yawan ƙabilunmu, Jukun da Mumuye da Fulani da Kuteb da Tibi da Wurkun da Mambila da sauransu, kowace da ganga da busa da zubin waƙarta. Wannan dukiya ce da ta ishi mai nazari aikin rayuwarsa, in an sami wanda aka horar ya rubuta ta, ya tsara ta, ya tsaya gaban ƙungiya ya jiyar da ita.

Saboda haka kirana ga shugabannin majami'u shi ne, kowace gunduma ta zaɓi ɗaya ko biyu daga cikin yaranta masu kunne ta biya musu karatu har su kai mataki na 8, da sharaɗin su komo su koyar da na baya. Ga Jami'ar Jihar Taraba da Kwalejin Ilimi ta Zing da hukumar raya al'adu ta jiha, ina roƙon su shirya kwasa-kwasan hutu na karatun takardar kiɗa da jagoranci, su buɗe ƙofa ga kwayamasta da mai situdiyo da mai badujala ba tare da tambayar addini ko shahada ba, su kuma gayyaci makaɗan fadar Muri da na Wukari su zauna a kujerar malamai, a ɗauki abin da ke kansu a rubuce da faifai tun suna raye. Kai kuma mai karatu, in kana da yaro a gida wanda ka lura yana kama amo daga ji ɗaya, kuma ka yarda ya bi wannan hanya, kada ka bar shi da na'ura kaɗai. Nemo masa malamin da ya iya karanta takarda, ka riƙa tambayarsa matakin da ya kai kamar yadda kake tambayarsa sauran karatunsa.